Wayar da Za Ta Kai Tsamiyar Baffa

Beli, Lahadi

Yaya Abdulhadi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti Siddiqa da yara. Sabis ya ƙi a nan, shi ya sa na ba direba takarda.

Jikin Baba ba daɗi. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, rediyo ce abokiyar hirarsa. To iskar ran Laraba ta karya gorar da aka ɗaura wa eriya, yanzu gajeren zango ba abin da yake kawowa sai shuu. Yana kwance yana ta murɗawa, abin tausayi. Kai ne mai gyara, wace iri zan saya?

Ƙanwarka,
Mashkura

Karaye, Talata

Mashkura,

Wa'alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya.

Kar ki sayi komai, 'yan kasuwa za su yi miki wayo. Eriyar jikin rediyon kuwa ba ta kamawa a ƙarƙashin rufin kwano. Ga wayar tagulla nan na aiko. Tsawo take so da bisa, gora ba za ta ɗauke ta ba.

Doguwar bishiya ɗaya ce a kusa, tsamiyar Baffa Mijinyawa da ke bayan katangarmu. Na san tun rabon gonar Jajaye shi da Baba ko gaisuwa babu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba zan ɓoye miki ba, da gangan na yanka wayar daidai can. Ina tsoron Baba ya tafi da wannan gabar.

Yayanki,
Abdulhadi

Beli, Laraba

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ka ɗora min kaya kana zaune a shago.

Na je wajen Baffa na durƙusa. Ya daɗe yana kallon tsamiyar, sannan ya ce, "Itace ba ya ƙin waya, 'yata. Amma sai babanki ya ce yana so, da bakinsa." Na bar masa wayar na dawo. Da na gaya wa Baba, sai ya juya fuska bango ya ce, "Ni ne babba. Bar min shuu ɗina."

Ya daina cin abinci sai kunu, shi ma da lallashi. Wallahi na gaji, kuma ina jin tsoro. Ka zo.

Mashkura

Beli, Juma'a

Yaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya cika da hantsi. Jana'iza bayan an sauko daga masallaci, ka biyo direban nan.

Ba mu riga mun sanar da kowa ba sai ga Baffa. Ashe tun safe ya jingina tsani ya ɗaura wayar da kansa, ba wanda ya aike shi. Ya tsaya ƙofar ɗakin Baba ya yi sallama, ya ce, "Yaya, ina za a soka?"

Ni na fito na gaya masa. Yana nan zaune a ƙofar, bakin wayar a hannunsa, ya ƙi saki.

Mashkura