Rijiyar Ƙofar Gida Ba Ta Cikin Gado

Ina rubuta wannan da hankalina garau. Ƙodata ce ta gaza, ba kaina ba, don haka kada wani ya ce ciwo ne ke magana. Raina a ɓace yake, kuma ba zan tafi da abin a ciki ba.

Na ɗaya. Rijiyar ƙofar gida ba ta cikin gado. Na riga na bar wa mutanen layin nan ita a gaban shaidu. Mahaifinku bai haƙa ta shi kaɗai ba. Maƙwabta ne suka kwashe ƙasar bokiti-bokiti, kuma da su ake yashe ta.

Na biyu. Babban ɗana, da kai nake. Tun da ka buɗe garejinka a jikin katanga kake tuttular da baƙin mai da ruwan batir a kwatar da ke gefen rijiya, don ƙyashin ajiye ganga guda. Ka sare bishiyoyin wurin, wai motoci ba sa samun wurin juyawa. Yanzu guga na fitowa da maiƙo a sama, kwaɗi ma sun gudu. Kai kuwa ka koma sayen ruwan roba kana kaiwa ɗakinka, ka bar 'ya'yan mutane da ciwon ciki. Ni na haife ka, amma ban san inda ka kwaso wannan hali ba. Ka tashi garejin nan kafin a raba ko cokali.

Na uku. Ka je ka ba mai shayi haƙuri. Ya ce shayinsa na warin inji, ka zage shi tas a gaban jama'a. 'Yarsa ce a gadon da ke kusa da nawa a asibiti, kuma na kasa haɗa ido da uwarta.

Na huɗu. Auta, ke da ke aikin jinya, kin gani kin yi gum don kada yayanki ya ji haushi. Keken ɗinkina naki ne, amma da aiki a kansa. Ki tara mutanen layi a yashe rijiyar, a kai ruwan a gwada, a sake dasa bishiyoyin.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Kada wanda ya ƙaurace wa ɗan'uwansa saboda na faɗi gaskiya.

Saura ɗaya. Da ruwan rijiyar nan za a wanke gawata, kuma babban ɗana, kai za ka ja gugan da hannunka. In ka ga ba za ka iya bari a zuba shi a jikin uwarka ba, ka tuna shi maƙwabta ke sha.