Daga Waliyyin Kogon Awaki Zuwa ga Kunzes Mai Shayi

Ya ke ruwan farko da ke gangarowa cikin magudana ranar da ƙanƙara ta saki dutse! Ya ke koren sha'ir a ƙasar da ba ta san kore ba sai wata uku a shekara! Ya ke rana a jikin bangon kudu lokacin tsananin sanyi, inda tsofaffi ke jeruwa su manta da ciwon gwiwa! Kunzes, mai tantin shayi a gindin mashigar dutse, mai harshen da ya fi iskar tsauni kaifi, mai hannun da ya san gishirin shayi ba tare da awo ba. Gaisuwa daga Morup, mai dawaki a da, waliyyi na wata biyu da kwana tara, yanzu kuwa mai shafen farar ƙasa a gidan sufaye.

Na san ranki a ɓace yake. Amma kafin ki cusa wannan takarda a murhu, ki karanta ta tukuna. Bayan nan ki ƙona, ba zan ce komai ba. Ai kin ga yadda na ƙware wajen rashin cewa komai.

Kin tuna ranar da na fara tsayawa a ƙofar tantinki ina ɗigar ruwa? Shekara uku ke nan. Farin dokina ya zame a tsakiyar kogi, kaya suka kwance, kuma abin da ruwa ya zaɓa ya tafi da shi shi ne kujerar masai ta wani Bature. Tun daga ƙasarsu ya taho da ita, don ya ce zai jure komai a hanyar neman hasken zuciya, ban da tsuguno. Na bi ta cikin ruwan ƙanƙara har iya wuya, na fito rungume da ita kamar jariri. Kika dube ni daga sama har ƙasa, kika ce, “Acho Morup, yayana, maza na faɗawa kogi don ceton rai, kai ka faɗa don ceton masai. Shigo kafin ka mutu, kada lama, malamin addininmu, ya rasa abin kirkin da zai faɗa a kan gawarka.” Kika ba ni rigar ulun mahaifinki, kika cika mini kofi sau huɗu, man shanu na yawo a kai. Wayyo! Jikina ya bushe a ranar, amma zuciyata har yau tana cikin kogin nan tana neman gaɓa. Wane tsauni na hau tun daga lokacin ban waiwayo ina neman hayaƙinki ba?

Na yi miki ƙarya, ya hasken idona. Na ce miki zan tafi birnin Leh gadin otal har ƙarshen bazara. Ga abin da ya faru.

Kin san tun da hanyar mota ta ratsa kwarinmu, tafiyar kwana goma ta koma ta yini guda, dawakina suka rasa abin yi sai cin ciyawa da kallona. Ina so in zo gidanku da farin gyalen girmamawa na al'ada in nemi aurenki, amma da wace fuska, ɗakina ko rufin kirki babu? Ina cikin wannan hali Acho Wangyal, mai kamfanin da ke kawo baƙi hawan dutse, ya tare ni a tasha. Ya zagaya ni sau biyu kamar mai sayen alfadari.

Ya ce, “Morup, dutse ya daina sayuwa. Ko'ina akwai dutse. Mutum ya taso daga ƙarshen duniya, ya hau tsauni yana haki kamar zai amayar da huhunsa, ya isa gidan sufaye, me zai tarar? Lama da takalmin gudu yana kallon wasan ƙwallon kurket a waya! Wani ma ya tambayi baƙuwata ko za ta ara masa caja. Sai da ta yi kuka, Morup. Su waliyyi suke so, ramamme, mai gashi buzu-buzu, wanda ba ya magana. Kai kuwa dubi yadda ka rame. Dubi gashin nan!”

Na ce, “Acho, ni fa ko addu'ar safe ban haddace ta duka ba.”

Ya ce, “Wa ya ce ka buɗe baki? Ai kuɗin rufe shi za a ba ka.”

Haka na tsinci kaina a kogon nan na saman mashiga, inda makiyaya ke fakewa da awaki. Aka share kashin awakin, aka bar kaɗan don a ji warin tsufa. Aka sayo sababbin tutocin addu'a, aka jiƙa su a shayi aka shanya, suka fito kamar na zamanin kakanni. Aka lulluɓe ni da jan bargo. Aka buga a takardar talla cewa shekara goma sha biyu nake cikin halwa ban furta kalma ba, kuma ƙwayar sha'ir bakwai nake ci a rana. Ni, da kika sani da kwano uku da ƙari!

Da tsakar rana suke isowa, leɓɓansu sun yi shuɗi, kowa da sanda biyu kamar mai koyon tafiya. Jigmet, wanda ke yi musu jagora da tafinta, sai ya sa su tuɓe takalma su zauna. In na yi hamma, ya ce musu ina haɗiye baƙin cikin duniya. In ƙuma ta cije ni na yi susa, ya ce ina nuna musu inda son kai ke ɓuya. Wani ya ce tun da ya shigo kogon kansa ke juyawa, bai taɓa jin kusanci da gaskiya irin haka ba. Jigmet bai gaya masa cewa ƙarancin iska ne ba. Wata mata ta zauna gabana awa biyu tana hawaye, ta tashi ta ce idona ya umarce ta ta rabu da mijinta. Idona, Kunzes! Ni kuwa duk tsawon lokacin fitsari ne ya matse ni.

Amma da sun juya baya, sai in rarrafa bakin kogo in leƙa ƙasa. Can nesa, a gindin dutse, ga hayaƙin murhunki yana tashi siriri kamar zaren ulu. Ya ke tantabarar dutse! Ya ke furen da ke fitowa a tsagar falalen da ko akuya ba ta kaiwa! Kin san mene ne mutum ya ga hayaƙin masoyiyarsa kullum, ya san ruwa ya tafasa, ya san da wane hannu take riƙe ludayi, amma ya kasa ko ɗaga murya? Mikiya na sauka wajenki ta dawo, gajimare na wucewa ta kanki ya zo ya same ni, ni kaɗai ne a dutsen nan aka ɗaure da bargo.

Sai ranar nan.

Na ɗaga ido na gan ki a bayan baƙi goma sha biyu, da tulun shayi a goye da farin gyale a hannu. Na sunkuyar da kai. Kika ratsa su a natse, kika durƙusa, kika haɗa tafuka, kika sassauta murya kamar mai addu'a.

Kika ce, “Julle, barka da ibada, mai tsarki. Ashe nan ne otal ɗin? Yana da kyau, sai dai ban ga ƙofar da ake gadi ba. Wata baƙuwa ce ta nuna mini hotonka a wayarta. Gashi ya rufe fuska, amma kunnen da dokinka ya gutsure bai ɓuya ba. Maƙaryaci. Jakin dutse.”

Jigmet ya juya ga baƙin ya gaya musu wai kina roƙon ruwa ne don gonar sha'irinki. Suka gyaɗa kai, suka ɗaga wayoyi.

Kika ci gaba, muryarki ba ta canza ba. “Tsultim mai farar mota ya ce yana so na. Na ce masa sai na ji daga bakin waliyyi. In kana da magana, yi ta yanzu, gaban mutanen nan. In ka yi shiru, na ɗauka ka sa albarka.”

Kuma na yi shiru.

Kin jira. Na san kin jira, don na ƙirga numfashinki. Sannan kika rataya mini gyalen a wuya, kika ja shi fiye da yadda ibada ta tanada, kika zuba mini shayi, kika fita ba waiwaye. Wani dattijo cikin baƙin ya share hawaye, ya ce bai taɓa ganin abu mai tsarki irin wannan ba a rayuwarsa.

Na ba kaina dalilai, Kunzes, kyawawa ma. Na ce in na yi magana Jigmet zai rasa aikinsa. Na ce saboda kogon nan ne baƙi suka dawo bin tsohuwar hanya, har tantinki ya sake cika. Duk gaskiya ne, amma ba su ne suka rufe mini baki ba. Kunya ce. Na fi jin tsoron baƙi goma sha biyu, waɗanda ban san sunan ko ɗaya ba, su gane ni mai dawaki ne, a kan in rasa ki. Tir da ni!

Kwana uku ban ci ko ƙwayar sha'ir bakwai ɗin ba. A rana ta huɗu wata tawaga ta iso, suka zauna, suka rufe ido. Na dube su, na dubi bargon, na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce, “Jigmet, ba ni takalmina.”

Wata ta ƙwala ihu. Jigmet, wanda na yarda ya cancanci ƙarin albashi, bai ko ƙifta ido ba. Ya ce musu bayan shekara goma sha biyu mai tsarki ya yi magana, ya ce kowa ya nemi takalmin ruhinsa. Suka zaro littattafai suna rubutawa. Na bi ta tsakiyarsu na fita.

Ban iya biyowa ta wajenki ba. Na gangara ta ɗaya gefen zuwa gidan sufaye, na sami Meme Lobzang, babban lama, zaune a rana yana gyaran rediyonsa. Na durƙusa na zayyana masa komai. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya ce, “Wata biyu a wuri ɗaya, ba waya, ba surutu? Cikin sufayena arba'in babu wanda ya taɓa yin kwana uku haka. Tunanin me kake yi?”

Na ce, “Mace, Meme.”

“Guda nawa?”

“Ɗaya.”

Ya ce, “To ka fi su nutsuwa.”

Sai kuma ya ajiye rediyon, fuskarsa ta sauya. Ya ce, “Baƙin ba su dame ni ba, sun sami abin da suka zo nema. Amma an gaya mini wata tsohuwa daga ƙauyen ƙetare ta hau dutsen nan da ciwon gwiwa, ta kai maka man shanunta don ka yi wa ɗanta marar lafiya addu'a. Ita ba hoto ta je ɗauka ba. Ka karɓa?”

Na ce na karɓa. Ban taɓa jin kalma ta yi mini nauyi a baki haka ba.

Ya ce in je in same ta, in gaya mata ko ni wane ne, in ɗauko ɗan a kan dokina in kai shi asibiti. Bayan nan in shafe duk hasumiyoyin ibada da farar ƙasa, daga ƙofa har bakin kogi. Na je, Kunzes. Ta saurare ni har ƙarshe, ta kwaɗa mini ludayi a ka, sannan ta ba ni abinci. Ɗan nata yana asibiti yanzu, an ce ciwon na jin magani.

Shekaranjiya ina kan tsani da bokiti sai ga farar mota ta tsaya a ƙofa. Na dakata da shafe na zuba ido. Direban ya fito yana sauke tukwanen gas, kansa a aske tas, jar riga har ƙasa. Tsultim! Na kusa faɗowa. Na tambayi Meme Lobzang, ya ce, “Tsultim? Ai tun bara ya ɗauki alkawarin sufaye. Motar ma tamu ce. Aure kuma? Shi da ko kallon mace ya haramta wa kansa?”

Ashe haka ne, ya ke mai wayon dila da zuciyar zinariya! Ashe babu wani abokin takara. Ni kaɗai na tsaya, kuma na faɗi.

Kada ki damu da cinikinki. Acho Wangyal ya yi fushi na kwana ɗaya, kashegari ya ninke bargon ya ajiye a tsakiyar kogo, ya buga sabuwar talla cewa waliyyin ya narke ya zama bakan gizo. An ce masu zuwa ganin wurin da ba kowa sun ninka masu zuwa ganina, kuma bargo ba ya neman abinci.

Saura hasumiya shida. Ranar Laraba da hantsi zan iso tantinki, da askakken kai, da dawakina biyu da suka rage, da ɗakin da har yanzu ba shi da rufin kirki. Ba abin da zan ɓoye miki kuma. Ba na roƙon ki sake tambayata, kin yi naki, kin hau dutse da tulu a baya don ki yi. Wannan karon ni zan tambaya, a tsaye, da ƙarfi, gaban duk wanda ke shan shayi a wurin, ko ɗan ƙauyenmu ne ko mai sanda biyu. In kin ce a'a, zan dawo wata Larabar. In kin sake cewa a'a, Laraba ba ta ƙarewa.

Naki muddin kogin kwarinmu na gudu, kuma in ya daskare, naki har ya narke,

Morup