Buhun da Ke Ɗingishi

Lahore, farkon watan Rajab

Zuwa ga yayata, Apa Shagufta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ciwon gwiwa, ya maigidanki Bhai Sahib da yara? Na rubuto ne tunda kunnenki ba ya shiri da waya, maganar kuma ba ta ɗaga murya ba ce. Ɗan maƙwabtanmu, direban bas, zai kawo miki.

Apa, 'yata Nimra ta hana ni sukuni. Tun da aka yi hutu ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ta shiga wani aji a unguwar Gulberg inda ake koyar da zane mai motsi, irin katun ɗin yara na talabijin. Ashe takarda ce bisa takarda, kowace da ɗan bambanci, in aka karkaɗa su da babban yatsa sai ido ya ga motsi. Darasin farko ƙwallo ne. Tana jefawa, tana durƙusawa ta ga yadda yake lotsewa in ya taɓa ƙasa, har ya faɗa mini cikin tukunyar miyar dal. Ɗalibaina suna tilawa, idanunsu na bin ƙwallo.

Na ce, "Beti, 'yata, ki zauna ko don darajar abin da ake karantawa."

Ta ce, "Ammi, ba wasa nake ba, nauyi nake koyo. In ban sa nauyi a zane ba, ƙwallona balan-balan ne."

Yanzu malaminsu ya ce ƙarshen wata zai zaɓi mutum biyu su zauna a ɗakin aikinsa su koyi sana'ar sosai. Jarrabawar ita ce kowa ya zana abu yana tafiya. Kin san abin da muka karanta gaban malamarmu Ustani Ji a kan zana mai rai. Na ce mata ƙwallo, ganye, ruwa, duk na yarda, amma mai fuska, mai rai, ba a gidan nan ba. Ta shige ɗaki.

Shekararta sha shida, marainiya ce, ba na son in karya mata zuciya. Ba na kuma son in tsaya gaban Allah da abin da na sani na take. Ki ba ni shawara.

Allah ya ƙara lafiya. Ƙanwarki,
Farkhanda

Multan

Farkhanda,

Wa alaikumus salam. Gwiwa na nan, Bhai Sahib ɗinki na nan, ban san wanda ya fi damuna ba cikinsu.

Ke dai ba ki sake hali ba. Ba ke ce kika sake alwala don ƙuda ya sauka a hannunki ba? Malamai sun yi saɓani a kan maganar nan, ni kuwa ba malama ba ce. Abin da na sani, tun rasuwar Abbunta yarinyar nan ba ta ɗaga kai ta kalli komai ba. Yanzu ko ƙwallo take kallo, ai kallo ne.

Kin kafa sharaɗi, to ki tsaya nan. Kar gobe ki haifo masa ƙane. Na san ki.

Ga halwa nan. Rabi na Nimra ne, kar ki rabar wa 'ya'yan mutane.

Yayarki,
Shagufta

Lahore, ranar Litinin

Apa,

Assalamu alaikum. Halwa ta iso, Allah ya saka da alheri. Ki yafe mini gajerar gaisuwa.

Nimra ta samu mafita. Wai tun can masu koyon wannan aiki da buhun gari suke gwaji: ba ido, ba baki, kusurwoyinsa huɗu su ne hannu da ƙafa. Ta juye mini rabin garin alkama a roba, ta ɗora buhun kan tebur. Kwana da kwanaki tana gaban madubin ɗakina, ta taka, ta tsaya, ta ruga ta zana, ta dawo. Na ce alhamdulillahi, buhu ai buhu ne.

Jiya bayan la'asar ta kira ni. "Ammi, zo ki duba. Ko gashin ido babu, wallahi." Ta karkaɗa takardun.

Apa, buhun ya taho yana jan ƙafar hagu. Ya tsaya bakin ƙofa, ya ɗan sunkuya yana mai da numfashi, sannan ya miƙe ya shigo da ƙarfinsa, don kada na cikin gida su gane ya gaji. Rafiq ne, Abbunta. Rafiq yana dawowa daga kanti, bayan hatsarin riksha, keken nan mai ƙafa uku. Shekara huɗu rabona da wannan tafiyar.

Na karɓe takardun na kulle a akwatin aurena.

"Ammi, ba fuska! Ke kika ce ba fuska!"

"Na ce ba rai."

"To ina ran yake? Nuna mini takardar da yake ciki, in yaga ta!"

Da ta fita na duba su ɗaya bayan ɗaya. Kowace buhu ne kawai. Ba ya cikin ko ɗaya, sai an karkaɗa.

Jumma'a ake kaiwa. Ta ƙi cin abinci, tana ta zagaye tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Ni ma na sallami ɗalibai da wuri. Na buɗe akwatin nan ban san sau nawa ba. Apa, ban sani ba, tsoron Allah ne ya sa na kulle su, ko kuwa ba na son baƙi su kalli mijina su ba shi maki?

Ki yi mini addu'a.
Farkhanda

Multan

Farkhanda,

Salamu alaikum. Tambayarki ta ƙarshe ba zan amsa ba, wadda ta iya yin ta ta san amsa.

Amma kin ce hagu? Ni na zauna da ke a asibiti ranar da aka ɗaure ƙafar nan. Dama ce. Madubi ya yaudari yarinyar, tana kwaikwayo tana zana abin da ta gani a juye, ke kuma hawaye ya rufe miki ido.

Ke da ba kya barin wasali ɗaya ya wuce a karatun ɗaliba, za ki bar bawan Allah yana ɗingishi da ƙafar da ba ita ba, a kulle cikin akwati? Aƙalla ki gaya mata. Sauran ke da Ubangijinki.

Direba na yi mini hon.
Shagufta

Lahore, ranar Asabar

Apa,

Assalamu alaikum. Dama ce, kin yi gaskiya.

Ranar Alhamis na buɗe akwatin, na ce, "Beti, akwai gyara." Ta ce ƙafa mai sauƙi ce, za ta kifa takardun kan gilashi ta bi layi. Sai kuma ta ce, "Amma kafaɗarsa fa, Ammi? Na fara mantawa."

Na sakaya ƙofar gida, na ɗaure mayafina, na tako mata daga zaure zuwa tsakar gida, yadda yake yi. Ta ce, "Sake." Na sake. Har aka kira magariba.

Jiya na raka ta a riksha ta miƙa. Ba mu ji komai ba tukuna. Ban ce na samu fatawa ba, Apa, istigfari nake, kuma zan tambaya. Nimra ta cinye halwarta har da rabona.

Ki aiko mini da man nan da kike shafa wa gwiwa. Ƙuguna na dama ya riƙe.

Allah ya bar zumunci. Ƙanwarki,
Farkhanda