Zuwa ga Yaya Seidu, Game da Gutsure na Goma Sha Huɗu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Yaya Seidu.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da babba, ina rubuto maka wannan wasiƙa wata huɗu bayan mun raka ka makwancinka. Na san ba za ka karanta ba. Na zaɓi in rubuta ta a fili ne saboda akwai maganar da ya kamata in faɗa maka sama da shekara ashirin da suka wuce, ban kuwa faɗa ba. Idan ba ta isa gare ka ba, ta isa ga waɗanda suka san ka.

Za ka tuna yadda muka haɗu a masallacin Juma'a na garin Sterling, a nan Amurka. Ni sabon zuwa ne daga Malumfashi, ina aikin fassara a wani ofis a Southwest Washington. Kai kuma mutumin Zangon Kumasi, kana kula da manyan kwamfutoci a wani kamfani kusa da filin jirgi. Tun ranar ka laƙaba mini Mai Digiri, ban taɓa sanin ko yabo ne ko tsokana ba.

Wata Asabar da hantsi ka kira ni. Ka ce a ɗaya daga cikin zaurukan intanet na wancan zamani, waɗanda ake kira newsgroup, wani ya zuba tsohuwar hirar rediyo da maƙeran garinmu. Ka tuna na taɓa gaya maka cewa mahaifina maƙeri ne, ya rasu ina ƙarami, ban riƙe muryarsa ba. Inna ta sha ba mu labarin ranar da mutanen rediyo suka zo maƙera da na'urarsu. Ba mu taɓa jin shirin ba.

Ga matasan da za su karanta wannan: zaurukan nan rubutu kawai suke ɗauka. Mai son aika sauti sai ya mayar da shi haruffa, ya yayyanka shi gutsure-gutsure, ya aika kowanne a saƙo daban. Mai karɓa ya tattara, ya jera, ya haɗa, sannan manhaja ta warware haruffan su koma murya. Kuma saƙonnin ba sa daɗewa. Bayan 'yan kwanaki ake share su don a sami wurin sababbi. Namu gutsure ashirin da uku ne, kuma ka ce kwanakinsu sun kusa ƙarewa.

Ban jira ka ba. Na sauke su a gidana, na haɗa su yadda kwamfuta ta jera mini: na ɗaya, sai na goma, na sha ɗaya, har can ƙasa sannan na biyu. Ban lura ba. Da na kunna, sai tsuwa da kalmomi a karkarye. Na kira ka na ce fayil ɗin ya lalace, a bar zancen. Na faɗa da muryar wanda bai damu ba, kai kuwa ba ka yarda da muryar ba.

Bayan azahar sai ga ka a ƙofata da ledar dafaffiyar gyaɗa. Ka dubi allon sau ɗaya, ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce, "Mai Digiri, inji ba ya ƙirga, jerawa kawai yake yi. Kai ne za ka ƙirga masa." Ka ɗauki biro da takarda ka rubuta ɗaya zuwa ashirin da uku. Ka buɗe kowane saƙo, ka share bayanan da ke samansa da sa hannun da ke ƙasansa, ka bar haruffan sautin kaɗai, ka sake masa suna, na ɗaya zuwa na tara da sifiri a gaban lambarsu don su jeru daidai, sannan ka soke lambarsa a takarda. Ba ka yi gaggawa ba, ba ka kuma sake ambaton kuskurena ba, har ka bar duniya.

A nan ne muka ga babu na goma sha huɗu.

Ka rubuta roƙo a zauren, cikin ladabi, cewa a taimaka a sake turo shi. Wanda ya zuba hirar bai amsa ba. Ka kira wani abokinka a Toronto ya duba nasu rumbun saƙonnin, ka kira wani a Hamburg. Mako guda kana leƙawa kowace safiya kafin ka tafi aiki. Sauran saƙonnin suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa bai zo ba.

Sai ka warware abin da muke da shi gida biyu. Na farko muryar ɗan jarida ce da ta Sarkin Maƙera, ga ƙarar guduma da hucin zugazugi a bayansu. Na biyun ya fara ne a tsakiyar maganar wani mutum dabam, yana bayanin yadda ake gane ƙarfe ya nuna daga launinsa. Wurin da aka faɗi sunansa yana cikin gutsuren da ya ɓata.

Na nemi ka manne biyun yadda ba wanda zai gane. Wannan ne karo ɗaya da na ga ka ɗaure mini fuska. Ka ce, "In muka rufe, mai saurare zai ɗauka Sarki ne ke ci gaba da magana. Mun ba wani maganar wani ke nan." Ka lissafa tsawon abin da ya ɓata, sakan ashirin da biyu, ka sa shiru daidai hakan a wurin.

Kai ka juye shi a kaset, kai ka samo matafiyin da ya kai wa Inna. Amsarta ta zo a wasiƙar da ƙanwata ta rubuta: "Shi ne. Ga tarin nan nasa da yake yi kafin ya ce to." Allah ya jiƙan ta, ta saurari kaset ɗin har ya tsinke, ka juye mata wani. An ce a wurin shirun nan takan gyara zama, domin ta san wanda zai yi magana bayansa.

Yaya, ranar da na karanta maka wasiƙar, abin da na iya ce maka shi ne madalla. Ka ce ba komai, ka ci gaba da ɓare gyaɗa. Na yi ta jiran lokacin da zan sami kalmomin da suka dace, har aka kira ni daga asibiti. Ka ba ni muryar mahaifina, ni kuwa ba ni da taka ko ta minti ɗaya, domin ban taɓa tunanin ɗauka ba.

Makon jiya na kunna wa Maryam, 'yata da ka yi wa huɗuba. Da aka zo shirun ta tambaye ni, da Turanci kamar kullum, ko wayar ce ta tsaya. Na ce a'a, wannan wurin na Baba Seidu ne. Na ba ta labarin duka, har da yadda ubanta ya sa goma a gaban biyu.

Na auna, sakan ashirin da biyu sun isa a yi maka addu'a ba tare da gaggawa ba, kuma abin da nake yi ke nan duk lokacin da na saurara. Na gode, Yaya. Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya cika maka duk abin da ya yi giɓi a ayyukanka, ya haɗa ka da Baba da Inna a Aljanna, inda za ka ji farkon maganar da muka rasa. Amin.

Ƙaninka,
Mai Digiri