Ƙullin Daddawar Kulu a Alƙahira

Zuwa ga ƙanena Muhammadu Sani, Makoda.

Assalamu alaikum. Yau Talata, kwananmu ɗaya a Alƙahira. Jiki da sauƙi, sai gwiwar nan da ka sani. Yaya iyali? An fara yankan gero? Ka riƙa leƙa mini gyaɗar bayan gida.

Da hantsi ɗana Tajuddeen ya kwashi matarsa da yara suka fita ganin gari. Ya ce, "Baba, taso mu je ka ga kogin Nilu." Na ce su je, ina da baƙo. Ban so in rage musu sauri.

Baƙon shi ne Hamisu, ɗan Kulu maƙwabciyarmu, wanda shekara shida rabonsa da gida. Ta ba ni ƙullin daddawa, ta ce in sa masa a hannu, in kuma duba mata ko ya rame. Mun yi waya, ya ce zai zo bayan Azahar. Na bar ƙofar ɗakin otal a buɗe kamar zaure, don kada ya yi sallama ban ji ba. Sau biyu ma'aikaciya tana rufewa, ina sake buɗewa.

A gaida kowa. Allah ya bar zumunci.

Yayanka, Faruk.

An yi La'asar, su Tajuddeen sun dawo, Hamisu bai zo ba. Daddawar tana kan tebur, ɗakin duk ƙamshin gida. In Kulu ta tambaya, ka ce mata gwiwata ce ta hana mu haɗuwa yau.