Hancin Motar Baba

Torino,
22 ga Satumba, 2019.

Zuwa ga ƙanena Corrado,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Graciela da 'ya'ya da jikoki, ya kuma sassauta maka ciwon kafaɗar nan da ka ce yana hana ka sakat. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwata ce dai ba ta sauya hali ba, hawa bene sai na ya da zango a tsakiya. Ɗana Ermanno yana nan yana fama da kantinsa, 'yarsa Viola kuma ta gama karatun jinya, yanzu ita ce ke ƙirga mini gishiri a abinci. Kaka ta shigo mana, ku kuma na san sanyi ya fara sakinku a Rosario. Na zaɓi in rubuto maka da hannu ne don na san halinka. Da a waya na ɗauko wannan zance, cewa za ka yi layi ba kyau, ka kashe.

Corrado, an ga motar Baba. Ita dai, wadda muka kai baje kolin motoci, wadda ni da Mama muka ɗinka wa kujeru har yatsunmu suka yi kanta. A Biella aka tsince ta, a bayan wata tsohuwar masaƙar ulu da aka daɗe da rufewa. Magada sun zo kwashe tarkace, suka yaye tamfol, sai ga ta a durƙushe kan tayoyin da suka ruɓe. Wani mai kuɗi, Sinyor Bollati, ya saye ta, ya kai ta garejin wata mata a Moncalieri, Nives Arduino, wadda aikinta ke nan: ta tabbatar tsohuwar mota ta asali ce, sannan ta mayar da ita yadda take. Ita ce ta nemo ni, ta zo da kanta ta ɗauke ni. Ina buɗe ƙofar motar, ta ƙasan warin ɓera da ruma sai na ji ƙamshin fatar nan, wanda Mama take shigowa da shi kicin a jikin rigarta. Ban ɓoye ba, kuka na yi, a gaban ma'aikata.

Ashe rigima ake yi a kanta. Masu rubuta littattafan motoci sun daɗe suna cewa wai motoci biyu shagon Baba ya ƙera: fara mai faɗin fuska da aka nuna a Torino da kaka, da shuɗiya mai dogon hanci da aka nuna a Geneva a watan Maris. To wannan da aka tsinta lambar shasinta, wato ƙashin jikinta, ta farar ce, gabanta kuwa na shuɗiyar. Sai aka fara raɗe-raɗin cewa haɗe-haɗe ce, wani ɗan damfara ne ya ɗinke gawa biyu. Da Nives ta gaya mini haka, dariya ta kama ni har da tari. Na ce mata, 'yar nan, motoci biyu? Mu da muke cin tuwon masara na polenta safe da yamma? Shasi ɗaya ma da ƙyar Baba ya samo shi. Ai haka kowa yake yi a lokacin, a dawo da mota daga wannan baje koli, a sauya mata fuska, a sake fenti, a kai ta wancan a ce sabuwa ce fil. Ta yi murmushi ta ce abin da take zato ke nan, shaida take nema. Ta ja ni ta nuna mini inda ta kankare a gefen ƙofa: toka-toka a sama, shuɗi a ƙasansa, fari can ƙarƙashi. Magana ta ƙare, mota ɗaya ce.

Murnata ba ta daɗe ba. Sinyor Bollati ya iso da hoton Torino a hannu, ya ce tunda an tabbatar, yana so a mayar da ita fara kamar ranar farko, da fuskar da tsohon ya ƙera da hannunsa. Wannan dogon hancin, in ji shi, ƙari ne na daga baya, a yanke shi a jefa a sito. Yana faɗa yana kallona, yana jiran in gode masa don ya girmama mahaifina. Bai san cewa hancin nan naka ba ne.

Ni kuwa ban manta ba. Kana ɗan shekara goma sha tara, hannun Baba ya kumbura da sanyi a hunturun nan, dole ya bar maka guduma. Na tuna ka a sunkuye kan kututturen da ake bugun alminiyam, gumi yana ɗiga duk da ƙanƙarar da ke waje, kana bugu kana shafawa da tafin hannu, ka kai kan ƙirar katako ka gwada, ka dawo. Ba ka bi zanensa ba, ka ja hancin ya yi tsawo ya yi ƙasa, yadda kai kake ganinsa a ranka. Ka san al'adar shagon: in aiki ya kammala, kafin a ɗaura shi a mota, maigida zai ɗora shi a teburi, ya fito da ɗan ƙarfen hatiminsa mai tauraro, ya buga a ciki a gaban kowa, sannan ya aika a sayo giya. Ran nan duk ma'aikata sun tsaya. Baba ya zagaya hancin, ya fito da hatimin daga aljihu, ya jujjuya shi, ya mayar. Ya ce, “Ni mota na ce a yi mini, ba agwagwa ba. Ku ɗaura shi haka nan, ba lokaci.” Suka tuntsire da dariya, kai kuma ka cire rigar aiki ka rataye a ƙusa. Kafin motar ta dawo daga Geneva kana cikin jirgin ruwa. Ko harshe da haƙori suna saɓawa, amma ku biyu taurin kanku iri ɗaya ne, shi bai rubuta ba, kai ba ka dawo ba sai da aka binne shi.

Na buɗe baki zan wanke Sinyor Bollati tas, ka san bakina, sai Nives ta taɓa hannuna ta ce in dakata, akwai abin da take so in fassara mata. Ta sa aka ɗaga motar sama, aka cire tayar gaba ta hagu, ta ba ni tocila ta ce in leƙa can lungu, bayan mazaunin fitila. Ta ce ta ga tauraron shagon a ƙofofi da rufi da ko'ina, duk a miƙe, a tsabtace, a kan ƙarfe tsirara. Wannan guda ɗaya kuwa a karkace yake, an buga shi ya goce an sake bugawa, a wurin da mai hankali ba zai zaɓa ba, don guduma ba ta samun wurin lilo. Abin da ya fi ɗaure mata kai, ya huda feshin shuɗin fenti, ke nan bayan an gama komai aka buga shi. Ta tambaye ni ko na san dalilin da zai sa mutum ya kwanta rigingine a ƙarƙashin motar da aka riga aka gama don ya buga hatimi.

Na sa yatsa na shafa shi. Hatimin nan ba wanda yake taɓa shi sai Baba, ko Mama ba ta isa ta fitar da shi daga aljihu in za ta yi wanki ba. Motar kuma ta yi watanni a shago bayan Geneva kafin mai masaƙar ya saye ta. A cikin watannin nan, wata rana, tsohon nan mai kumburarren hannu ya cire taya, ya shiga ƙarƙashi, ya yi abin da ya kasa yi a gaban mutane. Bai gaya wa kowa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Na ji haushinsa, Corrado, na kuma ji tausayinsa, ban san wanda ya fi yawa ba.

Sai na juya na gaya wa Sinyor Bollati labarin duka. Na ce masa, ranka ya daɗe, motarka ce, kuɗinka ne, amma a shagonmu abin da mahaifina Teresio ya buga wa tauraro ba a yanke shi. In ka yanke, fuskar da za a yi maka ba ta Baba ba ce, ta wani yaro ce da aka haifa jiya. Ya sake kallon hotonsa, sannan ya ce, wato agwagwar ce ta asali? Na ce ita ce. Ya yi dariya, ya tambaya ko wanda ya ƙera ta yana da rai. Na ce yana nan daram a Ajantina, yana gyara wa maƙwabta tukwane yana mita. Ya ce to za ta koma shuɗiya da hancinta, amma da sharaɗi: akwai lotsawa a gefen hancin inda wani abu ya faɗo mata a masaƙa, ba ya so kowa ya taɓa wurin sai mai shi. Zai jira ka har bikin Ista, in ba ka zo ba shi da Nives za su sake shawara.

Kada ka kawo mini zancen kafaɗa, Viola tana nan, ita za ta ji da kai. Ɗakin Mama na nan a share. Nives ta so ta ɗauki hoton hatimin ta aiko maka, na hana ta. Shekara hamsin da bakwai kana jiran wannan bugu guda, ba zan bari ka gan shi a waya ba. Gani ya kori ji. Ka zo ka shiga inda ya kwanta, ka sa yatsanka a kai.

Ka gai da Graciela da kyau, ka ce mata ita ma ta haɗa kaya. Ka gai da Aníbal da matarsa, da Mirta, da ƙaramar Pilar da ta aiko mini zanen kyanwa. Ermanno da Viola suna gaishe ku. Allah ya tsare hanya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
yayarka, Ottavia.