Batirin Fankar Malam

Assalamu alaikum Yaya Bukar,

Ina fata kana lafiya, kai da Anti Falmata da yara. Ya aiki, ya sanyin Jos? Mu nan Yindiski sai godiya. Ina zaman takaba, Allah yana ba ni haƙuri.

Yaya, maganar babban batirin da ka aiko ce. Shi ya riƙe wa Malam fanka duk tsawon jinyarsa, ko an ɗauke wuta. Tun rasuwarsa matan unguwa suke kawo wayoyinsu caji, ni kuma in ce su yi masa addu'a kawai. Wannan yana sanyaya mini zuciya.

Jiya ƙanin Malam ya zo haɗa kayan gado, ya ce, "Hajara, wannan na marigayi ne ko naki?" Na ce masa sai na tambaye ka. Idan Malam ka ba wa, ya zama haƙƙin marayu, ba zan yi masa sadaka da shi ba.

Don Allah ka faɗa mini wanda ka ba wa, kada tausayina ya sa ka canza magana. Na kashe batirin, na rufe da zane, sai na ji daga gare ka.

Ka sa Malam a addu'a. A gaishe mini da kowa.

Ƙanwarka,
Hajara